Me Ya Rage a Cikin Gidan? Karatun Yaro Bayan Rasuwa



A cikin Littafin Sarakuna na Biyu, sura 4, aya 1 zuwa 7, an ba mu labarin wata mace wadda mijinta yake cikin ƙungiyar annabawa. Mutumin kirki ne, mai tsoron Allah, amma ya mutu ya bar bashi, mai bin bashin kuwa ya shirya zuwa ya kwashe 'ya'yanta maza biyu su zama bayinsa. Ta kai kukanta wurin annabi Elisha. Annabin bai buɗe jaka ya ba ta kuɗi ba, bai kuma tafi ya roƙi mai bashin ba. Tambaya ya yi mata a kan abin da ya rage mata a gida. A ganinta babu kome, in banda ɗan mai a cikin tulu. Sai ya aike ta ta aro tukwane wofi daga maƙwabta, da yawa, ta shiga ɗaki ita da yaran, ta rufe ƙofa, ta yi ta tsiyaya man. Yaran ne suke miƙo mata tukwanen ɗaya bayan ɗaya, man kuwa bai yanke ba sai da aka rasa tukunyar da za a zuba. Ta sayar, ta biya bashin, suka ci saura.

Mun zaɓi wannan nassi ne saboda abin da idonmu yake gani a Kalambaina da kewaye. Kamfanin siminti na Sakkwato, wanda aka kafa a 1962 ya kuma fara aiki a 1967, da sabuwar masana'antar da BUA ta buɗe a 2018, su suka tara yawancinmu a nan. Waɗansu sun zo daga Zuru, waɗansu daga Kudancin Kaduna, Filato, Binuwai ko ƙasar Ibo. Akwai ma'aikaci, akwai direba, akwai lebura, akwai mai gadi, akwai mai sayar musu da abinci. Gida guda yakan tsaya a kan ƙafar mutum ɗaya, dangi kuwa suna can nisan yini guda a mota. Ran da wannan ƙafa ta karye, akan kai gawa gida, a yi jana'iza, a yi zaman makoki, 'yan gaisuwa su watse. Sa'an nan gwauruwa ta komo ɗakin haya da yaranta. Abu na fari da yakan faɗi shi ne kuɗin makarantar ƙaramin. Akan ce ya dakata zuwa zango mai zuwa. Zango ya zama shekara. Kafin a ankara an ɗora masa faranti a ka, ko an ba da 'yar aikatau ga wani gida a cikin gari domin a rage bakin ci. Mai bin bashin nan na zamanin Elisha bai mutu ba, kamanni kawai ya sāke.

Ba mutuwa kaɗai ke mai da yaro gida ba. Dukanmu muna tuna 2020, sa'ad da annobar korona ta rufe makarantu tun daga watan Maris har wajen Oktoba. Muna tuna ɗaliban Ƙanƙara fiye da 300 da aka sace a Disamba 2020, da 'yan mata 279 na Jangebe a Fabrairu 2021, da ɗaruruwan yaran makarantar Katolika ta Papiri a Jihar Neja a Nuwamba 2025. Bayan kowane irin wannan labari akan rufe makarantu, iyaye kuma su ji ƙafarsu ta yi nauyi wajen raka yaro bakin ƙofa. Saboda haka da wuya a sami gida a cikinmu da bai san yadda ake wayewar gari da yaro ɗan shekara 5 ko 6 yana zaune, ba inda za shi ba.

Ikilisiya ba ta ɗauki wannan zama a matsayin hutu ba. Majalisar Batikan ta Biyu, a cikin takardarta kan tarbiyyar Kirista ta ranar 28 ga Oktoba 1965, ta koyar cewa iyaye, tun da yake su suka haifa, su ne malamai na fari kuma mafi girma ga 'ya'yansu, inda kuma suka kāsa da ƙyar wani ya cike gurbin. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya sāke jaddada wannan a wasiƙarsa kan iyali ta 1981, ya ce hakki ne da ba a iya miƙa shi ɗungum ga wani, ba a kuma iya ƙwace shi. Wannan ba sabon nauyi ba ne da aka ƙirƙiro a Roma. Ran ɗaurin aurenku a gaban bagade an tambaye ku ko za ku karɓi 'ya'ya daga hannun Allah ku rene su, kuka amsa. Ran baftismar jariri an sāke tambayarku, kuka sāke amsawa. Musa ma, a Maimaitawar Shari'a sura 6, wurin koyarwar da ya ambata shi ne zaman gida, da tafiya a hanya, da lokacin kwanciya da na tashi.

Amma kada wani ya fita ya ce Fada ya ce a daina kai yara makaranta. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane uba da uwa a Nijeriya su ga cewa yaro ya yi firamare shekara 6 da ƙaramar sakandare shekara 3, ta kuma ce a makarantun gwamnati kyauta ne. Hukumar UNICEF ta sha bayyana cewa yaran ƙasar nan da ba su zuwa makaranta sun haura miliyan 10, yawancinsu a Arewa, ba kuwa nufinmu ba ne mu ƙara ko ɗaya a kan wannan adadi. Akwai kuma girman kai da yakan hana gwauruwa sa ɗanta a firamaren gwamnati, wai don marigayi a makarantar kuɗi ya sa shi, mutane za su ce an talauce. Gara benci a cikin aji mai cunkoso da tabarma a ƙofar ɗaki ba karatu. Karatun gida da muke magana a kai gada ce da za ta riƙe yaro har ya koma aji, in ya koma kuma ta ci gaba da tallafarsa.

To, me ya rage a cikin gidan? Uwa takan amsa yadda matar nan ta amsa wa Elisha, ta ce ita ba malama ba ce, aji huɗu ta tsaya, ba ta da littafi, ba ta da alli. Amma akwai ƙasa a tsakar gida, akwai yatsa. Akwai gawayi a murhu. Wasulan Hausa biyar ne, rubutun boko kuma yadda ake faɗa haka ake rubutawa, don haka yaron da ya riƙe ba, be, bi, bo, bu ya kama hanyar karanta sunansa da na ƙanwarsa. A fara da harshen da ake yi masa magana a gida. Turanci zai same shi a gaba, ya kuwa fi saurin kama shi idan ya riga ya gane cewa baƙi da wasali sauti suke ɗauke da shi. Don lissafi akwai marafan kwalba, da ƙwallon dabino, da mudu, da canjin da uwa take bayarwa a wurin sana'arta. Akwai tirelolin da ke jere a bakin hanya suna jiran lodi. Buhun siminti kilo 50 ne. Buhu biyu fa, buhu huɗu fa? Yaron Kalambaina yana da abin ƙirge fiye da yaron da ke da littafi mai hoto. Har dutsen farar ƙasan da ake fasawa a yi siminti malami ne, gama a cikinsa akan tsinci ɓawon katantanwa da na waɗansu halittun ruwa da suka zama dutse, shaidar cewa fiye da shekara miliyan 50 da suka wuce teku ne ya rufe wannan wuri da muke kukan zafinsa. Uban da ya kawo wa ɗansa irin wannan dutse a aljihu, ya zauna ya nuna masa, ya buɗe masa ƙofar kimiyya da ta Farawa sura 1 a lokaci guda.

Ba a bukatar yini. Rabin sa'a da safe kafin rana ta yi zafi ya isa ƙaramin yaro, in dai kullum ne, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya. Gidan da mutuwa ta shiga kome nasa yakan rikice, lokacin abinci da na barci duka, wannan rabin sa'a kuwa shi ne turken da yaro zai gane da shi cewa duniya ba ta rushe gaba ɗaya ba. A ajiye bulala. Yaron da ke makoki yakan manta abin da ya sani jiya, wani ya koma fitsarin kwance, wani ya manne wa zanen uwa, wani ya yi ta neman faɗa. Wannan duk kuka ne da bai san yadda ake yinsa ba, duka kuwa ba ya maganinsa.

Yanzu mun zo ga darasin da ya fi a, e, i, o, u wuya, wanda kuma ba malamin makaranta da zai koyar a madadinku. Sa'ad da aka yi rasuwa, al'adarmu ce mu tura ƙananan yara gidan maƙwabta, in sun komo sun tambaya mu ce Baba ya yi tafiya. Muna yin haka don tausayi. Amma yaron ya gaskata mu. Duk ƙarar babur da ya ji sai ya sheƙa bakin ƙofa. Wata ɗaya, wata shida, har ran da wani yaro a wurin wasa zai faɗa masa gaskiya da baƙar magana. A ran nan ya yi rashi biyu: uba, da amincewar da yake yi wa maganar uwarsa. Waɗansu sukan ce yana barci, yaron ya koma tsoron rufe ido da dare. Waɗansu kuma, da nufin ibada, sukan ce Allah ya ɗauke shi ne domin yana ƙaunarsa ƙwarai, ran Lahadi kuma a gaya wa yaron cewa Allah yana ƙaunarsa shi ma. Ku yi tunanin abin da ɗan shekara 5 zai ƙulla da waɗannan maganganu biyu.

Ubangijinmu da kansa ya nuna mana hanya a Yohanna sura 11. Da farko ya yi wa almajiransa maganar Li'azaru da kalmar barci, da ya ga sun ɗauka barcin hutawa yake nufi, sai ya fito fili ya gaya musu mutuwa ce. Da ya isa kabarin kuma ya yi hawaye a gaban jama'a, ko da yake ya san abin da zai yi bayan ɗan lokaci kaɗan. Haka za mu yi da 'ya'yanmu. A ɗauke shi a cinya a ce Baba ya mutu, jikinsa ya daina numfashi, ba ya jin zafi, ba ya jin yunwa, ba zai komo gidan nan ba. A ce masa ba laifinsa ba ne, gama ƙananan yara sukan ɗauka rashin jinsu ko wata muguwar kalma da suka faɗa ita ta jawo abin. A gaya masa wanda zai ci da shi, da wanda zai kwana tare da shi. Sa'an nan a faɗa masa begenmu: ran Baba yana hannun Allah, muna yi masa addu'a, a ranar ƙarshe kuma Yesu zai ta da jikinsa. Zai sāke tambaya gobe da jibi, domin yaro ƙarami bai riga ya gane cewa mutuwa ba ta da komowa ba. A sāke ba shi amsar nan ɗaya, ba tsawa. In hawaye ya zo wa uwa tana cikin magana, ta bar shi ya zubo. Mukan ce sai haƙuri, gaskiya ne, amma haƙurin Kirista bai taɓa nufin busasshen ido ba.

Akwai wani darasi kuma da ake koyarwa a zaman makoki ba da sani ba, muna kuwa roƙonku da sunan Allah ku daina. Manya sukan zauna suna raɗa cewa wance ce ta kama shi, ko ɗan'uwansa ne ya yi masa sammu saboda gado, yara kuwa suna gefe kamar ba su ji. Suna ji. Mutumin da hawan jini ko ciwon hanta ko hatsarin mota ya kashe, a ce maita ce, an shuka wa maraya ƙiyayyar da zai girma da ita, an kuma raba shi da kawun da zai iya biya masa makaranta.

Wani lokaci ƙanin yaron ne ya tafi, zazzaɓin cizon sauro ko ƙyanda ko gudawa ta ɗauke shi cikin kwana biyu, ko kuwa uwa ta yi ɓari bayan an riga an gaya wa yara ana jiran baƙo. Irin wannan rashi akan binne shi da sauri, ba a ko ambaton sunan. Sarki Dawuda, a Sama'ila na Biyu sura 12, da jaririnsa ya mutu, ya tashi ya yi wanka, ya shiga ɗakin Ubangiji ya yi sujada, ya ci abinci, ya kuma bayyana wa bayinsa cewa shi ne zai je wurin yaron wata rana. Ga iyayen da jaririnsu ya rasu kafin baftisma, Katekizim na Ikilisiya a lamba 1261 ya koya mana mu danƙa shi ga jinƙan Allah da bege. Ku bar wan ko yar su ambaci sunan ƙaninsu a addu'ar dare.

Kada mu zaci tsarkaka ba su san wannan hanya ba. Luwi da Zeli Martin, mutanen Alençon a ƙasar Faransa, sun haifi 'ya'ya 9, suka binne 4 tun suna ƙanana. Zeli kanta ciwon daji na nono ya kashe ta ranar 28 ga Agusta 1877, autarta Tereza tana da shekara 4 da rabi. Uban ya kwashi 'ya'yansa mata 5 zuwa Lisieux kusa da ɗan'uwan matarsa, a can kuwa yayyenta Mariya da Paulina suka koya wa Tereza karatu, rubutu da katekizim a gida, uban yana fita da ita yawo da la'asar su shiga majami'a su gai da Ubangiji. Ba ta shiga makaranta ba sai a Oktoba 1881. Wannan ita ce Waliyiya Tereza ta Yaro Yesu, iyayenta kuma Paparoma Faransis ya sa su cikin tsarkaka ranar 18 ga Oktoba 2015. Amma labarin yana da wani gefe. Ita da kanta ta ba da labari cewa a kwanakin rasuwar ta tsaya ita kaɗai tana kallon akwatin gawa, ba wanda ya kula ya yi mata bayani, daga nan kuma yarinya mai fara'a ta zama mai jin kunya da saurin kuka har zuwa Kirsimati na 1886. Shekara 9 ke nan, a gidan da ke cike da ƙauna da addu'a. Don haka uwar da ta ga ɗanta bai warke cikin wata uku ba kada ta ce ta kāsa.

Mai cewa ba ta iya karatu ba kuma ta tuna da Margareta, uwar Waliyyi Yohanna Bosko a ƙasar Italiya. Mijinta ya mutu a 1817, Yohanna bai cika shekara 2 ba. Ba ta iya karatu ko rubutu ba, amma katekizim yana kanta, da ka ta koya wa 'ya'yanta tsakanin aikin gona da girki, ta kuma yi fama har yaron ya sami makaranta. Maza ma maganar ta shafe ku. Wanda matarsa ta rasu, ko wanda ke aikin dare ya wuni yana barci, ba a ɗauke masa alkawarin da ya yi a gaban bagade ba. Luwi Martin bai tura 'ya'yansa ƙauye ya ce aikin mata ne ba.

Saura tukwanen. Man na gwauruwar ne, amma tukwanen na maƙwabta ne, yawan abin da ta samu kuwa daidai yake da yawan abin da aka ara mata. A wannan ƙasa ta Sakkwato muna da misali daga maƙwabtanmu Musulmi da ya kamata mu girmama. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta ga matan karkara ba su iya barin gida su zo neman ilimi, sai ta horar da dattawan mata da ake kira jaji, ta ɗora musu malfa alamar izini, suka riƙa kai karatu ƙauye ƙauye, gida gida. Su ne 'Yan Taru. Ba ta jira an gina aji ba. Muna da Zumuntar Mata Katolika, muna da malamai masu ritaya, muna da samari da 'yan mata da suka gama sakandare suna zaune suna jiran sakamako. Mun iya haɗa kuɗin anko da na abincin jana'iza cikin mako guda, abin yabo ne, amma kwana arba'in bayan jana'izar wa ya koma ya tambayi ko yaron nan yana riƙe fensir? A Ayyukan Manzanni sura 6, gunaguni na fari da ya tashi a cikin Ikilisiya a kan gwaurayen da aka manta da su ne wajen rabon abinci, waɗanda kuma baƙin harshe ne a Urushalima. Manzanni ba su ce a yi haƙuri ba. Sun sa aka zaɓi mutum 7 aka danƙa musu aikin.

Saboda haka muna roƙon kowane shugaban shiyya da kowace shugabar zumunta su zaga gidajen da aka yi rashi cikin shekara biyun nan, su rubuta sunan kowane yaro daga shekara 4 zuwa 12 da ba ya zuwa makaranta, da dalilin zamansa, su kawo wa katakist. Wanda yake da littafin aji ɗaya ko na aji biyu da 'ya'yansa suka gama da shi, ko allo, ko guntun alli, ya kawo ran Lahadi bayan Misa. Wadda za ta iya ba da sa'a ɗaya sau biyu a mako ta zauna da yaran gwauruwa, domin uwar ta sami zuwa kasuwa ko ta sami wurin yin kukanta, ta ba da sunanta. A watan Nuwamba kuma, sa'ad da za mu tafi makabarta yin addu'a domin matattu, ku zo da yaran, har da ƙananan. Waɗanda kabarin iyayensu yake can gida mai nisa su rubuto sunan a takarda da hannunsu, ko da baƙaƙen sun karkace, za a karanta shi a bagade.